Ranar da Muka Kai Bindigar Baba Caji Ofis

Bindigar toka ce, ƙirar wani maƙeri a ƙasar Katsina, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita Baba ya zo Gombe cinikin auduga, ya rataye ta a bangon turakarsa a Tudun Wada. Ni dai ban taɓa jin ƙararta ba, amma labarinta na sha shi har ya gundure ni. Kurar da ta kashe kullum ƙara girma take yi a bakin Baba. Ina ƙarami ba ta wuce ɗan akuya ba, lokacin da na fara aiki ta kusa kamo jaki.

Bayan yaƙin basasa kuɗi suka shigo gari, 'yan fashi suka biyo bayansu. Rediyo ta shiga shelar duk mai bindiga ya kai ta a gani, a ba shi lasin ko a karɓe. Ni kuwa sabon malamin firamare ne, ga babur, ga wando mai faɗin ƙafa, ga baki. Na ɗauki maganar gwamnati na aza a kaina kamar ni aka aiko.

Kullum bayan la'asar sai mun kafa musu a zaure, ni ɗaya, Baba kuwa shi da tsofaffin unguwa. Na ce ƙasa ba ta zama lafiya in kowa yana da aradu a ɗakinsa. Baba ya ce ɓarawo ba ya bin layin lasin, mai gaskiya kaɗai dokar za ta kama. Ya ce tun da ya tare a unguwar nan ba a taɓa haura katangarmu ba, ko na san dalili? Na ce na sani, ba mu da abin sata. Kwana uku ba ya amsa gaisuwata.

Tsoronsa ɗaya ne, kada a ƙwace. Auduga ta daɗe da barinsa, ido ya fara rauni, amma a zauren nan har gobe maharbi ake ce masa, kuma in ya yi gyaran murya ana yin shiru. Na san haka sarai, ban dai ƙyale shi ba. Sai da na ce masa za a bi gida-gida, 'yan sanda su shiga har ɗakin Inna, sannan ya yarda.

Ya sa babbar riga, ya ƙi hawa babur ɗina, ya saɓa bindiga yana gaishe da mutane a hanya kamar mai tafiya karɓar sarauta. A caji ofis muka tarar da wani sajan, Batangale mai ladabi. Ya tambaya ko a ɗure take.

"Tun kafin a yaye ka," in ji Baba.

Sajan ya ja da baya, kofur ɗinsa kuwa ban ga ta inda ya fita ba. Ita bindigar toka in an ɗura mata albarushi ba a sauke ta sai an harba, don haka aka ce mu zagaya baya a harba sama. 'Yan sanda suka toshe kunnuwa. Baba ya gyara tsayuwa, ya yi bisimilla, ya ja kunama. Ƙas. Ya sake ja. Ƙas. Sajan ya karɓa a hankali, ya zura kara a bakinta, sai ga busasshiyar laka tana zubowa, gidan zanzaro ne hawa-hawa, da gawarwakin gizo-gizo. Albarushin ya daɗe da zama ƙasa. Aka fashe da dariya, kuma Allah ya yafe mini, tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

"Baba, ka tafi da abarka gida," in ji sajan. "Wannan ba ta bukatar lasin."

Baba ya nace a rubuta ta, ya ce ko ƙwacewa ne a ƙwace. Sajan ya ba shi haƙuri, ya ce littafin na bindigogi ne.

A bakin ƙofa ya miƙo mini ita, shi da bai taɓa barin kowa ya taɓa ta ba. Muka kama hanyar gida. A nan dariyar ta bar ni, kunya ta rufe ni, don ban taɓa ganin ya tsufa ba sai ranar. Da muka kusa unguwa ya tsaya, bai dube ni ba.

"In sun tambaye ka a zaure, ka ce an ƙwace."

Na roƙi tsohon buhu wurin wani ɗan dako, na naɗe ta, na kai ɗakin da nake haya a Bagadaza na tura ƙarƙashin gado. Da la'asar na shiga zaure, ni mai wa'azin bin doka, na zauna gaban dattawa na shirga musu ƙarya. Na ce sai da 'yan sanda huɗu suka taru kafin su raba hannunsa da ita.