Mai Keke da Rigar Aikin Surukarta

Bayan rasuwar maigidana na rame har rigunana suka koma kamar na aro. Wata rana na shanya wanki, da na fito kwashewa sai na tarar babu riguna biyu. Washegari na same su a ninke bakin ƙofata, an rage musu faɗi ta ciki yadda ba mai ganewa. Aikin maƙwabciyata ne, wadda kowa ke kira Mai Keke saboda keken ɗinkinta. Da na je godiya ko kai ba ta ɗago ba.

"Ban yanke komai ba," ta ce. "In kin mayar da jiki ki kawo in warware."

Ta girme ni sosai, Yaya nake ce mata. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya, don haka da ƙafarta a kan keken nan ta raini 'ya'yanta. Bakinta ba ya hutawa, amma ba ta da riƙo. In budurwa ta ce a matse mata riga, sai ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Numfashin fa, a jaka za ki riƙa sa shi?" Maza uku ta haifa da mace ɗaya. Macen ta rasu tana ƙarama bayan doguwar jinya a asibiti, kuma wannan kaɗai ne zancen da ba ta yi.

Manyan sun yi nisa da aiki, Auta ne ya zauna da ita. Ya auri yarinya mai natsuwa da ke aikin shara da goge ƙasa a asibiti. Tun daga nan Mai Keke ta canja. Kullum da yamma, yarinyar na shigowa daga aiki, sai fuskar Mai Keke ta haɗe.

"Kin ji gaisuwar? Kamar ana korarta."

"Na ga ta durƙusa, Yaya."

"To kin ga yadda ta ajiye buta?"

Yau buta, gobe takun tafiya, jibi gishiri ya yi yawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ranar da yarinyar ba ta je aiki ba. Sai in same su tare, tana sa mata zare a allura, suna dariyar masu kawo ɗinki. Na ɗauka rikicin tsufa ne, na riƙa yi mata addu'a.

Auta ya daure har ya gaji. Ina zaune ya shigo ya tsuguna gefen keken, ya ce, "Mama, na samo ɗaki. Ƙarshen wata za mu tashi. Kukan matata ya ishe ni, ke kuma ba zan iya ɗaga miki murya ba."

Ta ci gaba da taka keke. Amma na ga ɗinkin ya karkace, abin da ban taɓa gani a hannunta ba. Shi kaɗai ya rage mata a gidan.

Ana saura kwanaki su tashi, aljihun rigar aikin yarinyar ya yage. Ta ajiye ta a kan keken ta tafi kasuwa. Ina taya Mai Keke cire zaren kalmasa lokacin da ta jawo rigar kan cinyarta. Nan take fuskar nan ta haɗe.

"Yarinyar nan ba ta da..." Sai ta tsaya.

"Me ta yi yau?" na tambaya.

Ta waiga ƙofa. Babu kowa. Tun safe ma ba su haɗu ba. Ta dubi rigar, ta ɗaga ta a hankali ta kai hanci. Ta daɗe a haka.

"Da wannan maganin suke goge ɗakin asibitin da muka kwanta da 'yata," ta ce. "Kullum da safe matar za ta zo da bokiti ta ce in ɗaga ƙafa. Ranar ma haka ta ce mini, in ɗaga ƙafa, ga yarinyata an lulluɓe."

Na yi salati. Ita kuwa ta rufe fuska da rigar, ba kuka take ba, kallona ne ba ta iya yi.

"Dubi furfurata. Ina salla, ina azumi, ina zagin 'yar mutane a kan ruwan goge ƙasa. Har gishiri na yi wa ƙarya."

Ta ɗinke aljihun, ta jira dawowar yarinyar, ta kira ta ɗaki. Ni na koma gida. Daga baya ta ce mini roƙon gafarar bai yi mata nauyi kamar amsar ba. Wai cewa yarinyar ta yi, "Mama, da kin faɗa ai da tuni ina canja kaya a can." Ta ce da zaginta ta yi da ya fi mata sauƙi.

Ba su tashi ba. Ta kuma hana yarinyar canja kaya a waje, ta ce ba za a ƙara wa mai gaskiya wahala ba. Sai dai sanin dalili bai kashe abin ba. Har ƙarshen rayuwarta, Allah ya jiƙanta, in yarinyar ta shigo da yamma ina ganin kafaɗunta sun ɗage, sai ta sauke numfashi kafin ta amsa gaisuwa. Wani lokacin ta ci nasara, wani lokacin baki ya riga ta, washegari ta wuni ba ta iya haɗa ido da kowa.

Bayan irin wannan ranar ce ta riƙe hannuna a bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Ƙanwata, in kin ji na fara kawo miki ƙararta, kar ki ba ni haƙuri, haƙurin ƙara mini ƙarfi yake. Ki tambaye ni kawai daga ina yarinyar ta dawo."