Ni Na Tashe Shi Daga Kujerar Koyon Katafila

Ni tsohuwa ce, ban taɓa zama a aji ba. Wata 'yar maƙwabta ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara min magana. A shekarun da abin nan ya faru ina sayar da tuwo da masa a Kubwa, kuma ba yabon kai ba, a layinmu ba a sa ranar biki ko a raba faɗa sai an ji ta bakina. Mijina, Allah ya jiƙansa, direban katafila ne. Da shi aka fasa hanyoyin garin nan tun inda benaye suke yau duk daji ne. Bai san harafi ko ɗaya ba, a hannun oga ya koya, da wanke ƙarfe da shan zagi, har ya bar duniya bai taɓa taka ko akuya ba. Da wannan nake tinƙaho, duk wanda ya zauna cin tuwona sai ya ji labarin.

Autana ya taso yana son aikin ubansa. Da ya gaji da zaman banza, sai ya samu wata makaranta ta wajen hanyar filin jirgi inda ake koyar da katafila mai dogon hannu, wadda ke haƙa ƙasa da bokiti. Na yi murna, na gaya wa kowa. Ina jiran in ga ya dawo da baƙin mai a riga, sai ya riƙa dawowa fes kamar wanda ya je ofis. Da na tambaya, ya ce ai ba a ba sabon shiga mota tukuna, sai ya ƙware a kan wata kujera mai sanduna da talabijin a gabanta, wadda ke nuna maka komai kamar kana cikin motar. Wata rana muna cin abinci ya ce min, yana dariya, wai yau mutum biyu ya kashe, ya kuma tsinke wayar lantarki. Na ajiye lomar da ke hannuna. A gidan da na tashi ba a wasa da irin wannan kalma, an koya mana cewa abin da baki ya saba faɗa mala'iku na iya cewa amin. Na ce ya tofar da yawu ya yi istigfari. Ya yi, amma yana murmushi.

Washegari na ɗaura gyale na bi shi. Na tarar da ɗaki mai sanyi, samari a jere kowa da kujerarsa, kujerun suna girgiza suna ƙugi. A gabana wani ya juya motar tasa ta cikin talabijin, bokitin ya make wani ɗan mutum mai hular kwano, allon ya yi ja, sauran suka kwashe da dariya suna ce masa ya shirya likkafani. Malamin ya danna wani abu, mutumin da aka kashe ya miƙe tsaye. Malamin nan bai kai ɗana na fari ba, tafin hannunsa sumul. Ya durƙusa ya gaishe ni da Mama, ya ce gara yaro ya yi kuskurensa duka a nan inda ba a jini, sannan a kai shi fili a ɗora shi kan ta gaske, malami na tsaye a gefensa. Na tambaye shi ko ya taɓa jin warin man gas a rayuwarsa. Na ce mijina ya share rabin Abuja ba tare da ya kalli talabijin ba, kuma ni ban haifi ɗan da za a koya wa kisa ana tafi ba. Ya roƙe ni in bar yaron ya ƙarasa, wai sauran darussan su ne masu nauyi. Na ce wa Auta ya tashi. Ya dube ni, ya dubi abokansa, ya tashi. Bai taɓa yi min musu ba tun yana goye.

Akwai wani direba da ya yi yaron mota a hannun mijina, yanzu shi ma oga ne, yana aiki a Lugbe. Na sayi goro na ɗauki Auta muka je, na kama hannun Auta na sa a na ogan, kamar yadda aka yi wa mijina. A sana'ar nan ba ka mayar da ɗan maigidanka. Ya karɓa, amma ya ce sai yaron ya daɗe yana wanki da sa giris yana kallo kafin ya taɓa sanda. Da na nuna hankali, da na yi shiru a nan. Sai na ce, a gaban leburorinsa, wannan ba ɗan kowa ba ne, jinin wanda ya koya maka ne, kada in ji an mayar min da shi mai wankin ƙarfe. Na tuna masa tuwon da ya ci a gidana. Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce to, Hajiya.

Lokacin damina ne, suna haƙa babbar magudanar ruwa a wani rukunin gidaje. Ban ga abin da ya faru da idona ba, amma na ji shi sau da yawa har na haddace. Ogan ya sauka zai yi azahar, ya ga hadari ya taso, ya ce wa Auta ya hau ya janye motar daga bakin ramin. Ita motar nan, samanta yana juyawa a kan ƙafafunta kamar dutsen niƙa. Ogan ya juya ta ya zubar da ƙasa, ya bar ta ta ba ramin baya. In kan ya juya haka, sandar tafiya ba ta san ya juya ba, ƙafafu take bi. Auta ya tura gaba don ya yi nesa da ramin, motar ta yi baya. Ya firgita ya ƙara turawa. Gaɓar ramin ta sha ruwa, ta karye. A ƙasa akwai wani lebura yana daidaita gindin ramin da shebur.

Da hannu suka tono shi, don ba wanda ya yarda a sake kunna motar. Da na isa wajen 'yan sanda na ga Auta a zaune a ƙasa, jar ƙasa har gashin ido, farcensa duk sun tsage. Ban gane shi ba sai da ya ce Inna. Malamin nan da na ci wa mutunci ya zo duba shi. Ina bayan ƙofa na ji yana tambayarsa yadda aka yi, da ya ji sai ya ce wannan darasin yana cikin waɗanda suka rage, kusan kowane ɗalibi sai ya faɗa ramin talabijin a kansa kafin hannunsa ya koyi duba ƙafafun mota. Da ya fito ya gan ni, ya gaishe ni kamar farko, ya wuce.

Mamacin ɗan gudun hijira ne, a Kuchigoro suke zaune. Ya tsere wa bindiga tare da matarsa da 'ya'yansa, ya zo nan ƙasa ta danne shi. Danginsa suka ce sun yafe, kwana ne ya ƙare, aka saki Auta bayan manya sun shiga maganar. Na je gaisuwa. Matar tana zaune a ƙofar ɗakin da aka haɗa da buhu da kwanon rufi, da jariri a cinya. Ba ta zage ni ba. Da Hausarta da ba ta nuna ba ta ce abu ɗaya take so ta sani, don ta gaya wa yaran in sun girma: shin ɗan nawa ya iya aikin, tsautsayi ne kawai ya faɗa masa? Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, na buɗe baki na rufe. Ta jira, ta jira, sannan ta gyaɗa kai ta ci gaba da shayar da ɗanta.

Auta yana nan a gida. Ya rame, ba ya aikin komai sai ɗebo min ruwa, in ya ji ƙugin babbar mota yakan shige ɗaki. Kullum da safe yana durƙusawa ya gaishe ni, bai taɓa cewa ke kika jawo ba. Na so a ce ya faɗa.

Na yarda komai da ƙaddara, amma na san inda ƙafata ta taka. Na ga abin da ban gane ba, maimakon in tambaya sai na raina shi, don kada a ce akwai abin da ya fi ƙarfin sanina. 'Yan'uwana iyaye, musamman mu da 'ya'ya ba sa ƙetare maganarmu, ku ji tsoron wannan biyayyar, domin duk inda kuka tura su za su je. In ɗanku yana koyon ƙarfen da zai iya kashe mutum, ku bar shi ya gama a hannun masu koyarwa, ko da hanyarsu ba irin ta iyayenmu ba ce. Ku sa bawan Allahn nan a addu'a, da marayunsa. Ni har yau ban koma Kuchigoro ba, don matar tana jiran amsa, kuma na san amsar.