Tiren Tagullar Nasiban

A ƙauyenmu na bayan Labasa, inda gonakin rake suka kewaye mu ta ko'ina, ba a mayar wa mutum da kwanonsa wayam. In maƙwabciya ta aiko miki da abinci, sai ki wanke kwanon ki sa wani abu a ciki kafin ya koma, ko da lemun tsami biyu ne. Haka muka tarar, kuma haka kowa yake yi a wannan yanki na Fiji. Mutum ɗaya na sani da wannan al'ada ta zame wa alaƙaƙai, ita ce Jaitun.

Gidana yana tsakanin gidanta da na yayarta Nasiban, don haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma sai ka rantse ba nono ɗaya suka sha ba. Nasiban ko shayi ta dafa sai ta leƙo ta ƙwala miki kira. Jaitun kuwa, Allah ya jiƙanta, maƙo gare ta na gasken gaske. Tana da bishiyar mangwaro wadda babu irinta a ƙauyen, amma jemagu ne kaɗai suka san ɗanɗanonta. Wanda ya ruɓe ma binne shi take yi, don kada wani ya samu ƙwallon ya shuka.

Ba zan zalunce ta ba, ta ga wuya. Tana da ƙuruciya mijinta ya rasu, a shekarar kuma guguwa ta kwashe rufin gidan ta kwantar da raken. Ita da 'ya'yanta suka yi watanni suna cin dafaffen rogo ko gishiri babu. Yunwar ta wuce, yaran suka girma, gona ta yi albarka, amma tsoron bai fita daga zuciyarta ba. Sai ta samo dabara: duk wanda ya kawo mata kwano, tun daga bakin ƙofa za ta ce, "Mun ƙoshi, a gaishe su." In ba ta karɓa ba, ai babu abin mayarwa.

Wani azumi, dab da shan ruwa, Nasiban ta zo da kanta ɗauke da tiren tagullar mahaifiyarsu, wanda kakarsu ta taho da shi a jirgin ruwa daga Indiya. Babba ne, sai da hannu biyu. Ta cika shi da gulgula, wato irin fankenmu, da soyayyen wake, ta dire a tsakar ɗakin Jaitun, ta juya. Yaya guda ba a ce mata an ƙoshi. Aka ci aka suɗe, Jaitun ta wanke tiren, daga nan tunani ya same ta. In ta sa lemun tsami biyu a tire mai wannan faɗi, abin kunya ne. In ta cika shi, asara ce. Ta ɗora shi a kan kabad ta ce sai da Sallah.

Sallah ta zo ta wuce, ta ce sai an sare rake. Aka sare, ta ce man girki ya yi tsada. Tun tana wucewa ta ƙofar yayarta da sauri, har ta koma bi ta cikin gonar rake in za ta kasuwa, don kada su haɗa ido. Nasiban kuma ba za ta aika a karɓo ba, domin neman kwano a wurinmu daidai yake da zagi. Babu faɗa, babu cacar baki, 'yan uwa biyu suka daina shiga gidan juna a kan tire. Wannan abu yana ba ni haushi har yau.

Nasiban ta taɓa kirana ta ce, "Hafizan, ki ce wa yarinyar nan ta ɗora barkono ɗaya a kai ta kawo. Ni ba tire nake nema ba, ƙafarta nake so in gani a gidana."

Na je na faɗa. Jaitun ta ce, "Barkono a tiren Amma, uwar da ta haife mu? So kike a yi mini dariya a garin nan?"

Na ce, "Baiwar Allah, ai an daɗe ana yi. Ke ce dai ba ki ji ba, kina cikin rake."

Ta tsuke fuska ta ce, "Apa," wato Yaya a harshenmu, "ta fi ƙarfin barkono. Ranar da zan mayar, sai an ba da labari. Ki bari dai hannuna ya ɗan sake."

Har liman ya taɓa yi mana wa'azi a kai, ko da yake bai kama suna ba. Ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori mata kada ɗaya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta, ko da kofaton akuya ne. Ya ce Shaiɗan ne yake tsorata mutum da talauci in ya tashi kyauta, kuma sadaka ba ta rage dukiya. Jaitun tana gefena tana gyaɗa kai tana cewa, "Gaskiya ne, Allah ya raba mu da rowa." Na taka mata ƙafa, ta yi kamar ba ta ji ba.

Shekaru suka tura. Ciwon suga ya kwantar da Nasiban, ƙafafunta suka kumbura. Na shiga wurin Jaitun ko sallama ban yi ba, na ce, "Yayarki tana tambayarki. In za ki je, yau ce."

A nan na ga idonta ya kawo ruwa. Ta nuna mini bishiyar ta ce, "Dubi, sun kusa nuna. Na fari-farin zan cika mata tiren da su, Apa tana son mangwaron nan tun da." Na yarda da gaske take. Amma mangwaron bai riga ajali ba.

A al'adarmu ba a hura wuta a gidan makoki, maƙwabta ne suke kai abinci. Ranar da aka binne Nasiban, Jaitun ta buɗe buhun fulawa da gwangwanin man shanun da ta daɗe tana tattali, ta yi gurasar roti da shinkafa da naman kajinta. Ta cika tiren har yana zuba, ta ɗora a ka, ta bi titi a gaban kowa, ba ta cikin rake ba. Masu zaman makoki suka ci suka ƙoshi. Ita ko loma ba ta kai bakinta ba.

Gidan makoki kaɗai ne aka yafe wa mayar da kwano wayam. Da aka share zama, Rahiman, 'yar Nasiban, ta bi gida gida tana mayar wa kowa da nasa. Ina zaune a barandar Jaitun ta iso, ta miƙa tiren a wanke fes ta ce, "Khala," haka muke kiran ƙanwar uwa, "ga tirenki, Allah ya saka da alheri. Kai, amma yana da kyau. A ina kika saye shi?"

Rahiman tana goye lokacin da tiren ya bar gidansu, ga shi yanzu ita ma da goyo a bayanta. Ba ta taɓa ganinsa a ɗakin uwarta ba.

Jaitun ta rayu shekaru bayan haka, kuma ta sake hali. Ta cire shingen da ta yi wa bishiyar, kwanukanta suka riƙa yawo a ƙauyen, ina roƙon Allah ya karɓa mata. Amma in na tuna ta, ranar nan nake tunawa. Ta bi Rahiman da kallo har ta sha kwana, sannan ta juyo da tiren a kan cinyarta ta ce, "Hafizan, yanzu wa zan mayar wa?"