Manhajar da Ba Ta Tambayar Iyali

"Shi ke nan gaisuwar?" na tambayi Malam Sani mai shagon waya a Talata Mafara.

Ya ce, "Shi ke nan, Sakatare. Wagga manhaja ita ce ta ukku da ka gwada, kuma ta fi sauran samun taurarin yabo."

Ƙungiyarmu ta manoman rani a Bakura ce ta ɗora mini nauyin tarbar wani injiniya ɗan ƙasar Sin da zai duba magudanar ruwanmu. Ni ne sakatare tun da na kammala ajin yaƙi da jahilci, kuma na yi alkawari gaban dattawa cewa da harshensa zan gaishe shi.

Kwana ashirin ina bita. Manhajar ta koya mini "kyanwa tana shan madara". Ta koya mini "ina tashar jirgin ƙasa?" Gaisuwa kuwa gaɓa biyu tak. Babu gajiya, babu iyali.

Ranar da baƙon ya iso, na gyara babbar rigata, na furta gaɓoɓin nan biyu. Ya maimaita su. Dattawa suka tsaya suna jiran sauran.

Sai ya ɗan rusuna ya ce da Hausa, "Ina gajiya, Alhaji? Yaya iyali? Yaya ruwa?"

Na ce, "Wace manhaja ta koya maka?"

Ya nuna direbansa. "Daga Gusau zuwa nan."

Jama'a, masu taurari biyar sun kasa abin da direba ya yi a hanya ɗaya. In akwai manhajar da ta san tambayar iyali, ku rubuto sunanta a ƙasa.