Saliou da Oba-oba ta Shida

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba bakwai ga watan Yuni, shekarar 1995, da hantsi, ina buɗe shagona a unguwar Nombakélé ta Libreville sai ga Abdulkuddus mai shayi ya tsallako kwata ya tsaya a gabana. Da ƙyar ya ce, "Alhaji Hamadou, Saliou ya cika." An yi maka sutura bayan azahar, Saliou ɗan Aliou, kana da shekara talatin da huɗu a duniya. Na raka ka har makabarta, amma a sahun baya na tsaya.

Mahaifinka marigayi Aliou shi ya karɓe ni ranar da na sauka Libreville daga Garoua, ba ni da kowa, shi ya sa ka tashi kana ce mini Baffa. Kai a nan aka haife ka, mahaifiyarka 'yar ƙasa ce, ka yi makarantar Faransanci ka fito da sana'ar gyaran kayan lantarki. Ni ina sayar da rediyo da kaset da batir, kai kuma teburinka yana bakin ƙofata a ƙarƙashin rumfar kwano. Shekara tara muka yi a haka, ban taɓa jin an dawo maka da gyara ana faɗa ba.

Bara, da aka karya darajar sefa, muka wayi gari komai ya ninka. Sabon rediyo ya fi ƙarfin talaka, batir ma sai an yi shawara kafin a saya. A lokacin ne teburinka ya cika da tsofaffin rediyoyi da aka zaro daga ƙarƙashin gado. Ina tuna Malam Amadou, tsohon da idonsa ya mutu, wanda ba shi da abokin hira sai ɗan rediyonsa na aljihu da yake kamo labaran Hausa da shi. Ya zo yana cewa rediyon na shanye batir cikin kwana biyu. Ka buɗe shi, ka nuna mini wata 'yar ƙwaya baƙa, ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, da ƙafafu takwas kamar gizo-gizo. Ka ce ita ce mai rabon wuta: ita ke ɗibar ƙarfi daga batir ta ba kowane sashe daidai cikinsa, ita ke tsai da caji in batir ya ƙoshi. In ta lalace, ko rediyo ya mutu, ko batir ya yi zafi har ya fashe. Ka ciro wata daga rediyon ɗakinka ka sa wa tsohon, ka ce masa datti ne kawai ka goge.

Irin waɗannan ƙwayoyi na asali sun ɓace a kasuwa bayan faɗuwar kuɗi. Sai wani ɗan kasuwa mai wucewa ya kawo mini guda arba'in a cikin leda, da araha mai sa mutum zargi. Na yi zargin, na kuma saya. Da ka duba rubutun da ke bayansu ka ce, "Baffa, waɗannan ba za a sa wa kowa ba sai an gwada su ɗaya bayan ɗaya." Na ji haushi, na jefa ledar a aljihun tebur.

Sai aka shiga wannan shekara, aka sa wa baƙi wa'adi: duk wanda ba shi da katin zama mai rai ya bar ƙasa. Wanda bai zauna Libreville a watannin nan ba, ba zai gane irin tsoron da muka sha ba. Motoci suna tsayawa a bakin kasuwar Mont-Bouët, a tare hanya gaba da baya, a ce kowa ya fito da takarda. Mutum ya fita sayen burodi, iyalinsa su ji labarinsa daga tashar jirgin ruwa. Masu shaguna suna karyar da kaya a kan abin da bai kai rabin kuɗinsu ba. Ni katina ya mutu tun watan Oktoba. Na je layin sabuntawa sau uku, na ga ana kama mutane a cikin layin, ban sake komawa ba. In na ji birkin mota sai in nemi wurin ɓuya. Matata da 'ya'yana huɗu suna ɗaki ɗaya a bayan shago, na hana su ko leƙa titi.

Ranar Litinin ta farkon azumi, ana yayyafi, wani mai kaki ya shigo shagona. Ban san sunansa ba har yau, ba na kuma son sani. Ya aje jaka a kan kanta, ya zazzage oba-oba guda shida, irin waɗanda suke rataya a ƙirji suna magana da juna. Ya ce duk sun daina ɗaukar caji. Sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi katina. Ya duba kwanan wata, ya yi murmushi, ya sa katin a aljihun rigarsa. Ya ce ranar Alhamis zai dawo. In shidan nan suna magana, zai ba ni katina ya manta da fuskata. In ba haka ba, in haɗa kayana.

Ni ban iya gyaran ko tocila ba. Ya ga allon da ke ƙofa ne ya ɗauka ni ne mai gyaran. Kai kuwa takardunka cikakku ne, ba abin da ya haɗa ka da wannan masifa, kana iya naɗe kayan aikinka ka tafi gidanka a Alibandeng har ƙura ta lafa. Ka shigo ka kwashe su ka kai teburinka.

Kafin la'asar ka gano cutar. An yi musu caji da abin da ba nasu ba, ƙwayar rabon wuta ta ƙone a cikin duka shidan. Washegari da sassafe ka zaga duk masu sayar da kayan gyara da ka sani, ka dawo hannu wofi. Ba abin da ya rage sai ledar nan tawa.

Na zauna a kan benci ina kallonka, don na kasa zama a cikin shago. Ka ɗauko ɗan katako ka kafa mazauni mai ramuka takwas, ka ja waya biyu zuwa batir, ka ɗaura ƙwan tocila a ɗaya gefen, ka haɗa mitarka mai allura. Sai ka ɗauki ƙwaya ɗaya da hantsaki ka zaunar da ita. Ka ce in ta kirki ce, allura za ta hau kan biyar ta tsaya cak, ƙwan ya kama ba ya rawa, kuma bayan minti goma sha biyar in an taɓa bayanta a ji ɗumi kawai. Ta farko, allura ko motsi ba ta yi ba. Ta biyu ta wuce biyar ta yi sama har ƙwan ya ƙone. Ta uku ta tsaya daidai, na fara hamdala, sai a minti na tara ka ɗora bayan yatsanka ka janye da sauri, wani siririn hayaƙi ya tashi. Ka jefa ta cikin gwangwanin madara, ka ɗauki ta huɗu.

Haka muka yini Talata, muka yini Laraba. Ruwa yana dukan kwano, bakinmu a bushe da azumi, ni ina kallon allura, ina kallon titi. Duk wadda ta ci gwajin farko sai ka rage mata wuta kamar batir ya kusa ƙarewa, ka ga ko za ta yanke a kan lokaci, sannan ka mai da ita kan caji ka jira. Na ce maka lokaci yana tafiya. Ka ce, "Baffa, in na yi sauri, gwangwanin nan zan mayar cikin rediyon mutane."

Abdulkuddus, wanda aka kama ƙanensa mako guda kafin nan, ya zo ya tsaya a kanka ya ce da waɗannan abubuwa ake farautarmu, me zai hana ka sa musu ruɓaɓɓun su mutu a hannunsu. Sai ka ce ka yi wannan tunanin tun jiya, amma batir in ya fashe a ƙirjin mutum yake fashewa, kuma in suka mutu bayan kwana biyu, ƙofar Baffa za a dawo. A ranar na san kai ma tsoron kake ji.

Da ka liƙa ƙwaya mai kyau a oba-oba ta farko ka kunna, sai ta yi ƙara, murya ta fito da Faransanci, wata ta amsa. Ka rage sauti ka kara a kunne. Fuskarka ta sauya. Ka ce ana shirya motoci uku zuwa unguwar PK8 gobe da sassafe. Ka kashe ta, ka cire batir. Na roƙe ka ka yi kamar ba ka ji ba, don in aka gano daga inda maganar ta fita, mun ƙare. Ka aika aka kira matarka Haoua, ka yi mata magana a hankali, ta gyara mayafi ta hau bas zuwa PK8 kamar mai zuwa barka. Daga baya na ji gidaje da yawa an same su a rufe. Har yau mutanen can ba su san wanda ya aiko ba.

Ranar Laraba da yamma leda ta ƙare. Cikin arba'in, biyar ne suka tsira. Oba-oba kuwa shida ne.

Akwai wata ƙwaya da ta yi minti goma sha biyu kafin ta ɗau zafi. Na tsamo ta daga gwangwani da hannuna na aje a gabanka. Na ce mutumin nan kunnawa kawai zai yi ya ji magana ya tafi. Na ce ka dubi 'ya'yana. Na ce ka tuna abin da ke tsakanina da mahaifinka, abin da ban taɓa yi maka gori da shi ba sai ranar. Ka ce, "Baffa, ka gafarce ni. Wannan na san za ta ƙona wani. Zan gaya masa biyar sun gyaru, ta shida sai an samo kaya. Ni zan yi masa magana." Na tashi na shige shago.

Abin da ya faru ranar Alhamis, mutanen unguwa sun san rabinsa. Sun san mai kakin ya zo da mutum biyu wajen ƙarfe goma. Sun san ya gwada biyar suka yi magana, ya ɗauki ta shida ya ji shiru, ka yi masa bayani da Faransancinka mai kyau, ya ce ƙarya ne, ai cire kayan cikinta ka yi ka sayar. Sun ga an mare ka, an tura ka mota. Sun ga ya jefar da katina a cikin kwata yana cewa mai shagon ya ci sa'a ba ya nan.

Ina nan, Saliou. Tun da na ji tsayuwar motar na shige bayan kwalayen rediyo na tsuguna. Tsakanina da kai katako ɗaya ne. Na ji ya tambaye ka ina mai shagon, na ji ka ce na fita, kai da ban taɓa jin ƙarya a bakinka ba sai irin wadda ka yi wa Malam Amadou. Na ji ƙarar marin. Na ji kana cewa a bar ka ka kashe ƙarfen dalma kada rumfa ta kama wuta. Da na fito, da na ce ni na karɓi aikin kuma ni na sayo kayan banza, wataƙila da mu biyu za a tafi, wataƙila da ni kaɗai. Ban fito ba. Sai da motar ta yi nisa na rarrafo na tsamo katina daga kwata.

Kwana biyar ka yi a tsare kafin dangin mahaifiyarka su fito da kai. An ce ɗakin ya cika har ba wurin zama, ƙasa kuma ruwa ne. Ka fito da tari. Ka koma teburinka bayan sallah, ka rame, kana aiki kana dafe ƙirji. Kullum da safe sai ka ce, "Baffa, an tashi lafiya?" kamar yadda ka saba. Sau da yawa na buɗe baki in gaya maka inda nake a ranar, sai in ga kamar ka sani, sai in tambaye ka jiki. A watan Mayu ka daina fitowa. Likita ya ce huhu ne. Ajali na Allah ne, na sani, malamai ma sun gaya mini. Amma na san ranar da tarin ya fara.

Na sabunta katina a watan Afrilu. Yana aljihuna yanzu, kuma tsoron bai tafi ba. A da mota nake tsoro. Yanzu ina tsoron ranar da za a tsai da ni da kai a gaban Wanda ba a ɓuya gare Shi a bayan kwali.

Ya Allah, ga bawanKa Saliou ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ya tsare amanar wanda ya zalunce shi, ya rufa asirin wanda ya gudu ya bar shi, Ka rufa masa asiri ranar tonon asiri. Ka sanya wahalar da ya sha ta zama kaffara, Ka haɗa shi da mahaifinsa a Aljanna Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa Mama Rakia, da matarsa Haoua, da 'ya'yansa Ismaïl da Inès, da duk jama'ar Nombakélé da Alibandeng. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya marayun nan a kan halin ubansu. Haoua, ranar sadakar uku kin gode mini a gaban mutane, kin ce na riƙe mijinki kamar ɗa, na sunkuyar da kai na karɓa. Ban cancanci wannan godiya ba. Ranar Juma'a bayan la'asar zan zo gida in faɗi abin da na rubuta nan da bakina, a gabanki da gaban Mama. Abin da kuka ga dama ku ce mini, zan tsaya in ji.

Allah Ya jiƙan Saliou. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Hamadou mai rediyo, Nombakélé