Firji a Ɗakin Mai Jego

A lokacin mu biyar ne a gidan, nan unguwar Coal Camp da ke Kudu: ni, da Malam maigidana, da 'yarmu da ta dawo gida wankan jego, da jaririyarta, sai ƙanwar Malam da ta taso daga Kano ta taya ni hidima. Gwaggo muke ce mata, yadda yara ke kiranta.

Malam na da ciwon suga, allurarsa kuma a firji take zama. Tun farko likita ya ja mana kunne cewa in ta daɗe cikin zafi ta lalace, ko an yi ta ba ta da amfani. Shi ya sa ba na barin kowa ya yi mini wasa da firjin nan. To ran Asabar na wuni a kasuwar Ogbete wajen sayayyar suna, ina dawowa na tarar Gwaggo ta sa an ɗauke shi daga baranda an kai ɗakin mai jego. Ta manna shi da bango, ta lulluɓe shi da leshi har ƙasa, ta jera kwanuka a kansa, wai 'yan barka su gani. Na haɗiye maganata saboda baƙuwa ce.

Lahadi da safe na buɗe in ɗauko allura, na ji kwalbar ba sanyi. Na taɓa gorar ruwa, ɗumi. Fitilar ciki na ci, inji na ta gurnani ba hutu.

"Gwaggo, firjin nan ya daina sanyi."

"Yo kayan Kudu ai haka suke, matar Yaya, sai kyan gani."

"Tun kafin a aurar da yarinyar nan yake aiki, bai san haka ba sai da kika zo."

Na fara da abin da ya fi damuna. Na naɗe kwalaben a jiƙaƙƙen tsumma, na sa a kwano, na ɗora a ruwan randa. Sannan na ce 'yata ta kira mini mai gyara a waya, wani Ibo da ke da shago a bakin layinmu, yana jin Hausa. Ya ce yana hanyar coci, sai gobe.

"Goben ta yi mini nisa," na ce.

"To Hajiya, sa hannu a bayansa, ki gaya mini."

Na tura hannu ƙarƙashin leshin, na fizge da sauri. Kamar murfin tukunya a kan wuta.

"Ba iska ke nan," in ji shi. "Cire shi daga wuta, fitar da shi waje, share baya, bar shi ya huta. In bai yi ba, gobe mu duba gas."

Sai a lokacin na dubi ɗakin da idon firji. Tagogi a rufe, kaskon garwashi na ƙarƙashin gado yadda ake yi wa kowace mai jego, ni kaina zufa nake. Na sake buɗe firjin, ga tukunyar kunun kanwa a ƙasa, da zafinta aka tura ta.

Gwaggo ta tare ƙofa. "Ba za ki buɗe wa yarinya taga sanyi ya shige ta ba. Kuma a zo suna a ga ɗaki fayau?"

"Ba mai taɓa tagarki. Ita ta sha zafinta, shi ya fita ya sha iska. In yayanki ya kwanta, leshi ne zai tashe shi?"

Ta yi tsaki, amma ta sauke kwanukan da hannunta. Muka ɗan karkata shi, muka zura buhu a ƙasa, muka yi ta ja muna nishi. Malam ya yunƙura daga tabarma.

"Malam, yi zamanka. Kai muke wa aikin."

A baranda na ga bayansa sosai. Ƙura da yanar gizo sun cushe ƙarafunan, har da ɓawon albasa. Wannan kam ba aikin Gwaggo ba ne, ta kuwa nanata mini hakan sau ba adadi. Na bi su da tsintsiya a hankali. Robar ƙofa ta yi danƙo da zoɓo, ba ta kamawa, na wanke ta da ruwan ɗumi har ta riƙa mannewa. Na bar tazara tsakaninsa da bango, na hana kowa taɓa shi sai bayan Azahar, sannan na jona. Na sa kofin ruwa a gidan ƙanƙara. Allura dai na bar ta a randa, ina canza mata ruwa, don ban yarda da shi ba tukuna.

Da La'asar na kasa kunne, na ji injin ya yi shiru don kansa, ya jima ya sake tashi. Tun safe bai yi haka ba.

Washegari ina idar da Asuba na buɗe. Ruwan kofin ya zama dutse. Na mayar da kwalaben Malam mazauninsu, na ninke leshin na kai wa Gwaggo har shimfiɗarta, na ajiye mata kofin a kai.