Ƙofar da ban rufe ba

Shekara huɗu na yi ina awon masu ciki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Bungudu, bayan an ɗauke ni daga Gusau. Talata ce ranar awo. Kafin hantsi benci ya cika, ni kaɗai ce, kuma dama ba a san ni da haƙuri ba. Cikin aikina har da yi wa mace bayanin tazarar haihuwa tun tana da ciki, don ta zaɓi abin da za ta yi idan ta sauka: allura, ƙwaya, ko wanda ake sawa a damtse, da mata ke kira ashana.

Akwai wani hali nawa da ban taɓa lura da shi ba. Idan matar malamin makaranta ta shigo, ko wata Hajiya mai ƙamshin turare da mijinta ke kasuwanci a Tsafe, sai in ce wa 'yar rakiyarta ta ɗan ba mu wuri, in tura ƙofa, in rage murya. Matan ƙauye kuwa ina ɗaura masu abin awon jini nake jefa tambayar, kamar mai tambayar kuɗin gishiri.

Haka na yi wa wata mata daga wajen Karakkai. Cikinta na biyar ne, ƙafafu a kumbure, idanu fari fat don ƙarancin jini. Uwar mijinta ce ta rako ta, tana zaune a gefe riƙe da katin awo.

"In kin haihu kina son tazara?" na ce, da ƙarfi.

Ta sunkuyar da kai, tana murza bakin hijabi. "A'a, Malama."

Na rubuta ba ta so. A raina har na ce mutanen ƙauye sai Allah.

Ta haihu gab da damina, da ƙyar, ta zubar da jini sosai. Bayan an gama girbin dawa sai ga ta kuma, ita kaɗai, da goyo a baya da sabon ciki. Kwanika ta yi. An riga an cire yaron daga nono, domin a wurinsu mai ciki ba ta shayarwa, ya rame har kan ya fi ƙarfin wuyan. Raina ya ɓaci, na hau ta da faɗa.

"Ban tambaye ki ba? Da bakinki kika ce ba ki so."

Ba ta ɗaga murya ba. "Malama, gaban uwar mijina kinka tambaye ni. Ƙaƙa za ni ce ina so, tana zaune? Mun yi magana da maigida tun gida, ya yarda. Ina jira ki hidda ta waje." Ta gyara goyon. "Na ga kina rufe ma wasu ƙofa."

Ni da ko sunan surukata ban taɓa furtawa ba, ni da ba na iya cin abinci a gabanta. Na san wannan kunyar sarai, kawai ban ɗauka ita ma ta cancanci a raga mata ba. Kunya ta rufe ni, na kasa kallon yaron, na kasa kallonta. Har yau idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na tashi na rufe ƙofar. Babu kowa a waje, kuma cikin ya riga ya kai wata uku.